Bayani A Kan Tuta Da Alamar Gari

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya rarraba 'yan Adam dangi dangi da gari gari domin su san juna. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, duk wanda ya ratsa Unguwar Sanusi, ya bi ta Tudun Wada har ya faɗa Kasuwar Barci, ba zai rasa ganin tuta ba. In watan Maulidi ya kama, ga 'yan makarantun Islamiyya sun fito jere, kowace makaranta da tata. In zaɓe ya gabato, ga tutocin jam'iyyu a kan turakun wuta da rumfunan kasuwa. A ƙofar ofisoshi da makarantun boko kuwa, ga kore da fari da kore na Nijeriya. Amma da za a tsai da dattijo ko yaro a ce masa, ina tutar garin Kaduna, ko kuwa mece ce alamar unguwar da yake kwana a cikinta, sai ya yi shiru. Saboda haka ya kamata a yi bayanin abin da tuta take nufi a wurin magabata, da yadda ta sake kama a zamanin Turawa, da kuma wata dabara ta mutanen Japan wadda malamai da 'yan kasuwa za su so su ji labarinta.

Asalin tuta a Musulunci

Masu karatun sira sun san Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, yana da tuta baƙa wadda ake kira Uƙabu, yana kuma da fara. Ba kowa ake danƙa wa ita ba. Mus'abu ɗan Umairu shi ya riƙe ta ran Badar, shi ne kuma ya riƙe ta ran Uhudu har ya yi shahada yana rungume da ita. Ran Haibara, cikin shekara ta 7 ta Hijira, aka ba Sayyadina Aliyu. A yaƙin Mu'uta, shekara ta 8, Zaidu ɗan Harisa ya ɗauka aka kashe shi, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya karɓa, aka sare masa dama ya koma hagu, aka sare hagun ya tokare ta da dungu har ya faɗi. Sa'an nan Abdullahi ɗan Rawaha ya ɗauka, shi ma ya cika, kana Halidu ɗan Walidu ya karɓa ya fid da rundunar. Allah ya yarda da su duka.

Akwai kuma wani labari wanda ya fi waɗannan nuna hukuncin tuta. Ran buɗe Makka kabilu suka riƙa wucewa, kowace da tutarta, ba a hana kowa ba. Tutar mutanen Madina tana hannun Sa'adu ɗan Ubada. Da ya zo wucewa ta gaban Abu Sufyanu, sai ya furta magana mai nuna yau ranar zub da jini ce. Da labari ya kai ga Annabi, sai ya sa aka karɓe tutar daga hannunsa aka ba ɗansa Ƙaisu. Mai hankali ya duba nan: ba a ce kabila ta jefar da alamarta ba, amma an raba tuta da hannun da ya yi nufin ramuwa. Tun daga farko ke nan tuta amana ce, ana bayarwa bisa sharaɗi, ana kuwa iya karɓewa.

Tutocin Shehu

Wannan ita ce sunnar da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙansa, ya raya a ƙasar Hausa. Ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu cikin watan Zulƙida na shekara ta 1218, watau Fabrairu 1804, aka yi masa mubaya'a, aka yi yaƙin Tabkin Kwatto cikin watan Yuni. Daga nan malamai da shugabannin jama'a suka riƙa zuwa daga gabas da kudu suna karɓar tuta. Masu tarihi sukan ƙidaya su goma sha huɗu. Daga cikinsu akwai Ummarun Dallaje na Katsina, da Malam Isiyaku na Daura, da Malam Musa na Zazzau, da Ɗantunku na Kazaure, da Ibrahimu Zaki na Katagum, da Buba Yero na Gwambe, da Modibbo Adama wanda ƙasar Adamawa ta ci sunansa, da Malam Yakubu na Bauci wanda shi ba Bafillace ba ne, almajirin Shehu ne tun yana yaro. A Kano tutar tana hannun Malam Jamo na Sulluɓawa, shi ya sa har wa yau akwai sarautar Sarkin Dawaki Mai Tuta, ɗaya daga cikin masu zaɓen sarki huɗu.

Ita kanta tutar ƙyalle ce kawai a kan sanda, wadda aka yi wa addu'a. Darajarta tana cikin alkawarin da aka ɗauka kafin a miƙa ta. Da shugabannin gabas suka taru a Birnin Gada, Muhammadu Bello ya isar musu da saƙon mahaifinsa, cewa su yi mubaya'a bisa bin Alƙur'ani da Sunna, ya kuma gargaɗe su da fitinar duniya in Allah ya buɗa musu ƙasa. A cikin Kitabul Farƙi an lissafa halayen mulkin zalunci da aka fito domin a kawar, har da karɓar gaisuwa kafin a yi wa talaka hukunci, da ƙwacen kayan 'yan kasuwa da sunan haraji. Wanda ya karɓi tuta ya karɓi nauyin hana waɗannan. Malam Abdullahi na Gwandu kuwa, da ya ga waɗansu sun soma karkata ga dawaki da riguna da tara ƙwaraƙwarai, sai ransa ya ɓaci, ya bar runduna ya nufi gabas cikin shekarar 1807. Mutanen Kano ne suka tsai da shi, ya zauna ya karantar da su, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, kana ya koma.

Ba a ce kafin wannan garuruwan Hausa ba su da alama ba. Suna da tambura, suna da kayan sarauta. Katsina tana da takobin nan Gajere da tukunyar Korau, Kano tana da tagwayen masu da takalman gashin jimina, Daura tana da takobin Bayajida da rijiyar Kusugu. Kowane gari kuma da kirarinsa, Kano tumbin giwa, Katsina ta Korau ɗakin kara. Sarakunan da ba su bi ba suka tafi da nasu tamburan, na Katsina suka kafa Maraɗi, na Zazzau suka kafa Abuja ta dā wadda ake kira Suleja yanzu. Amma dai waɗannan alamu duka na gidan sarauta ne. Talaka yana jin tambari daga nesa, ba ya buga shi a kan buhunsa.

Giginya da Burmi

Ran 15 ga Maris 1903 rundunar Turawa ta tsaya a fagen Giginya, bayan birnin Sakkwato. Da bindiga mai ruwa da igwa suka watsa mahaya, sai aka bar waɗansu 'yan mutane kaɗan tsaye kewaye da tutar Sarkin Musulmi. Ba su gudu ba, ba su miƙa ta ba, har aka kashe su a gindinta. Turawan da suka ga abin da idonsu su ne suka rubuta shi. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas, jama'a mai yawa ta bi shi, talakawa suka bar gonaki, har aka cim masa a Burmi, ƙasar Gwambe, ya yi shahada ran 27 ga Yuli na wannan shekara. Ɗansa Mai Wurno ya ci gaba da sauran jama'a har Sudan, suka kafa gari a bakin kogin Nilu, ana kiransa da sunansa har yanzu. Tutar kuwa ta zauna a hannun soja shekara 57, sai cikin 1960 aka mayar da ita ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku.

Alamun zamanin Turawa da na Jihar Arewa

Kaduna ba ta cikin garuruwan da aka ba tuta, domin a zamanin Shehu babu birni a nan, sai ƙauyukan Gwari a ƙasar Zazzau. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin saboda ruwa da hanyar jirgin ƙasa, aka taso da hedikwata daga Zungeru cikin 1917. Hausawa sun ce sunan daga kadunan kogin ya fito, Gwari kuma suna da tasu fassarar a harshensu. Shi ya sa kirarinta ya zama Garin Gwamna.

Tutar da aka kafa a nan shuɗiya ce, da tutar Ingila a kusurwa, da jan da'ira mai koren tauraro mai tsini shida a ciki. Malamai ba su buƙatar a gaya musu sunan wannan tauraro, hatimin Annabi Sulaimanu ne. Lugga da kansa ya ce a jikin wata butar tagulla ya gan shi, wadda soja suka kwaso bayan an ci Kwantagora. Tsofaffin 'yan kasuwa za su tuna shi a jikin kwabo mai huji da anini. Ga abin mamaki, alamar da aka ɗauko daga kayan mutanen ƙasa ita aka juyo aka mulke su da ita, ba wanda ya shawarce su.

Da siyasa ta shigo, sai alama ta sauko kasuwa. A zaɓen 1959 kowace jam'iyya da akwatinta, an manna masa alamarta domin wanda bai iya boko ba. Jam'iyyar Mutanen Arewa tana da fartanya, Jam'iyyar Neman Sawaba ta Malam Aminu Kano tana da tauraro. Nan ne mutane suka fara ganin yadda alama take raba wa da ƙane, har a kai ga duka da ɗauri.

Jihar Arewa ta sami mulkin kanta ran 15 ga Maris 1959, daidai ranar da aka yi Giginya, shekara 56 baya. Gwamnatin Firimiya Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato ta ɗauki dagi ya zama alamar jihar. Hikimar wannan zaɓe ita ce, dagi ba baƙo ba ne ga kowa. Maɗinka suna yin sa a ƙirjin riga, magina suna zana shi a bangon soro a Zariya da Kano, dukawa suna sa shi a jaka da alabe. Zare ne guda wanda ya sarƙe da kansa, ba a ganin farkonsa balle ƙarshensa. An kashe Sardauna ran 15 ga Janairu 1966, an raba jihar gida shida cikin watan Mayu 1967, amma dagi bai mutu ba, yana nan a ƙofofin gidaje da jikin motoci. Tutar Nijeriya kuwa wani ɗalibi ne, Taiwo Akinkunmi, ya zana ta ya ci gasa cikin 1959, aka ɗaga ta ran 1 ga Oktoba 1960.

Dabarar mutanen Japan

Mutanen Arewa sun san Japan ta hanya biyu. Sojan da aka kai yaƙin Bama tsakanin 1943 da 1945 sun ga farar tutarsu mai jar rana a tsakiya. Bayan haka 'yan kasuwa sun san su ta masaƙar Arewa da aka kafa a Kaduna da jarinsu bayan samun 'yancin kai, da kuma babura da motoci. Abin da ba a cika sani ba shi ne yadda suke yi da alamun garuruwansu.

Ƙasar tana da larduna 47, da birane da garuruwa da ƙauyuka masu hukumar kansu fiye da 1,700. Kusan kowanne yana da tambarinsa da tutarsa, har ƙauyen da yake can cikin duwatsu. Al'adar ta samo asali daga alamun gidaje, domin tun dā kowane babban gida da alamar da yake sa wa a riga da tutar yaƙi. Lu'ulu'u uku da direbobi suke gani a goshin motar Mitsubishi daga irin waɗannan alamun gidaje aka samo su.

Abin da zai ba malamai sha'awa shi ne, su ma masu ajami ne ta wata fuska. Rubutunsu daga ƙasar Sin suka aro shi, suka ga bai wadatar da harshensu ba, sai suka rage waɗansu haruffa suka mai da su na gaɓoɓin maganarsu, kamar yadda malaman Hausa suka ɗauki baƙaƙen Larabci suka ƙara ɗigo domin su rubuta tsa da ca. To, da waɗannan haruffa suke ƙera yawancin alamun garuruwansu. Sai a ɗauki harafin farko na sunan gari, a lanƙwasa shi, a kewaye shi, har ya zama zane mai kyan gani, wanda ɗan gari yana dubawa zai karanta sunan garinsa.

Birnin Yokohama, babbar tashar jiragen ruwa, ya haɗa harafin ha da na ma ya yi alamarsa cikin 1909, shekarar da tashar ta cika 50 da buɗewa. Birnin Fukuoka ya yi abin da ya fi wannan dabara. A harshensu ku tara ke nan, sai suka jera harafin fu guda tara, mai dubawa ya karanta fu-ku. Birnin Fukushima ya ƙara a kan haka, domin shi huɗu ke nan a wurinsu, sai suka sa fu tara da ma huɗu, sunan ya fito cif. Wanda ya saba da ramzi, watau yadda malamai suke ɓoye shekara cikin haruffa a ƙarshen waƙa, zai gane wannan wasa nan da nan. Nagoya ta ɗauki harafin takwas cikin da'ira a 1907, alamar gidan sarautar da ya mulke ta a dā. Osaka kuwa, birnin fatake, ta ɗauki siffar turken da ake kafawa cikin ruwa domin ya nuna wa matuƙan jirgi hanya, tun 1894. Hiroshima, garin koguna, ta ɗauki layi uku masu lanƙwasa kamar igiyar ruwa cikin 1896. Amurka ta jefa mata bom na atom ran 6 ga Agusta 1945, birnin ya zama toka, aka sake gina shi, alamar tana nan yadda take.

Sau da yawa gasa ake sawa, mutanen gari su kawo zane, a zaɓi ɗaya. Sa'an nan a buga shi a ofishin hukuma, da takardun gari, da motar kashe gobara, har da murfin ƙarfe na magudanar ruwa a kan titi. Da gwamnati ta haɗe ƙananan garuruwa, adadinsu ya sauko daga 3,232 a shekarar 1999 zuwa 1,727 a 2010, garuruwa masu yawa da aka haɗe sai da suka zauna suka zaɓi sabuwar alama wadda kowane ɓangare zai yarda da ita.

Abin da ya rage ga mutanen Kaduna

Kaduna gari ne na baƙi. Bakano da Bakatsine da Babarbare da Banufe da Bayarabe da mutanen kudancin Zariya, kowa nema ya kawo kakansa. Birnin yana rabe tsakanin ƙananan hukumomi huɗu, Kaduna ta Arewa da ta Kudu da Igabi da Chikun. Bayan tarzomar Fabrairu 2000 da ta Nuwamba 2002, wadda aka yi asarar rayuka da dukiya mai yawa, mutane suka yi ta ƙaura, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa, kogin da ya ba garin suna ya zama kamar iyaka. A irin wannan gari, in babu alamar da ta game kowa, alamun da suke rarrabewa su ne za su cika fili. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Alama ita kaɗai ba ta sulhunta mutane. Amma zaman da za a yi domin a zaɓe ta, da masu unguwa, da limamai, da shugabannin kasuwa, da maƙwabta waɗanda ba Musulmi ba, wannan zaman shi kansa riba ne. Kayan aikin kuwa suna nan a gida. Alarammomin da suke zayyanar allon sauka da ƙafin Alƙur'ani ba za su kasa sarƙa kaulasan da dal da wau da nun su fid da sunan Kaduna cikin siffar dagi ba, a sa baƙaƙen boko a gefe domin kowa ya karanta. Haka Unguwar Sanusi, da Badikko, da Kakuri, da Barnawa, kowace tana iya samun tata a ƙarƙashin ta gari. Ajamin da aka cire daga ƙananan takardun naira cikin 2007 sai ya sami wurin zama a ƙofar kasuwa. Ɗan kasuwa ya fi kowa sanin amfanin wannan, domin shi ne yake sa lamba a huhun goro da buhun hatsi kada kayansa su ɓace a tasha, shi ne kuma ya san lambar da aka amince da ita tana sai da kaya tun ba a kwance ba.

Sai dai a kiyaye abu uku. Na farko, hukuncin sura. Malaman Malikiyya sun haramta gunkin dabba cikakke mai inuwa, sun sassauta a kan zanen da yake shafe a takarda ko tufa, amma barinsa ya fi. Harafi da kogi da itace babu saɓani a kansu, saboda haka hanyar haruffa ta fi hoton kada kuɓuta. Na biyu, kada a sa sunan Allah ko aya a alamar da za a buga a buhu da takardar rasit, domin za su faɗi ƙasa a taka. Ko Sa'udiyya, saboda kalmar shahada da take jikin tutarta, ba ta sassauto da ita domin makoki. Na uku, wanda ya fi duka nauyi, a haɗa alamar da alkawari. Kasuwar da ta ɗaga alama ta yarda mudunta cikakke ne, ba a algus a cikinta. Unguwar da ta ɗaga alama ta yarda baƙo da maƙwabci sun aminta a cikinta ran tashin hankali, ko wane addini suke bi. Wanda ya karya wannan a hana shi amfani da ita, kamar yadda aka karɓe tuta daga hannun Sa'adu, alhali kuwa shi babban sahabi ne, shugaban Hazraju.

Allah ya jiƙan magabata da suka riƙe amana, ya zaunar da Kaduna da ƙasa baki ɗaya lafiya, ya sa albarka a karatu da kasuwa. Amin.